Baiwa da Ciniki: Darasi Domin Masu Zane da Masu Aikin Hannu

Kafin a soma darasin nan, sai mai bi da ƙungiya ya sa a karanta Fitowa 31:1-11, da 32:1-6, da 38:21-31, sa'an nan Ayyukan Manzanni 19:23-34.

Wanda ya ratsa Kasuwar Gamboru a Maiduguri, idan ya ɗauke idonsa daga hatsi da kayan miya ya duba bisa, zai ga aikin masu zane ta kowane gefe. Allon da ke ƙofar shago wani ne ya rubuta shi, kwalbar da aka zana a jikin bango wani ne ya zana ta, hular da ke kan ɗan kasuwa kuma wani ne ya fitar da zanenta kafin allura ta bi. Tun shekarar 2014, sa'ad da mutanen Bama suka yi gudun hijira zuwa birnin nan, ɗinkin hula ya riƙe gidaje da yawa waɗanda ba su da gona ko albashi. A cikin ikkilisiyoyinmu ma akwai samari da 'yan mata masu hannu, waɗansu sun koya a Jami'ar Maiduguri, waɗansu a shagon maigida, yanzu kuwa suna so su buɗe nasu wurin, su ci abinci da sana'arsu.

Amma akwai tambayar da ke damun waɗansunsu. Idan gwanintar hannu baiwa ce daga wurin Allah, yaya za a kai ta kasuwa a yi mata tayi? Ashe, Bitrus bai tsauta wa Siman mai sihiri ba sa'ad da ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah? Saboda wannan wani yakan ji kunyar faɗin kuɗin aikinsa, ya yi ta yi wa mutane kyauta har yunwa ta kore shi daga sana'ar. Wani kuma ya ce ciniki ciniki ne, addini yana majami'a ran Lahadi, sai ya karɓi kowane irin aiki da aka kawo masa. Dukansu biyu sun ɓata hanya. Bari mu bincika mu ga abin da ake sayarwa a shagon mai zane, da abin da ba shi da farashi.

Baiwa da ladan aiki

Littafin Fitowa ya nuna a fili cewa Allah ne ya kira Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Ya haɗa shi da Oholiab na kabilar Dan, gwanin zane da ɗinkin ado da saƙa. Saboda haka kada kowa ya raina sana'ar nan, ko ya ce wasan yara ce. Baiwa ce, daga sama ta fito.

To, sai mu yi misali da manomin da ya kawo gero Gamboru. Bai sayi ruwan sama ba, bai ƙera rana ba, ƙwayar da ta tsiro kuwa bai san yadda ta tsiro ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa ce masa ya yi zunubi don ya auna geronsa da mudu ya karɓi kuɗi. Abin da muke biya shi ne noman fari da maimai, da girbi, da sussuka, da kuɗin mota. Haka yake ga mai zane. Idon da ke ganin inda layi ya karkace kyauta ne, ba kuwa mai iya sayensa, gama bayan an biya kuɗin allo, baiwar tana nan wurin mai ita. Mai saye ya biya katako da fenti, da kwanakin da aka yi a sunkuye, da shekarun koyo. Laifin Siman shi ne ya so ya mallaki ikon Ruhu kansa da kuɗi, wannan kuwa wani abu ne dabam.

Ku duba kuma Matta sura 10. A wurin da Ubangiji ya hana sha biyun karɓar kuɗi a kan warkarwa, a nan ne kuma ya tabbatar cewa ma'aikaci yana da hakkin abincinsa. Sa'ad da Sulemanu zai gina Haikali, ya yi wa Hiram Sarkin Taya alkawarin biyan masu saran itacensa ladan da shi Hiram ya yanka. A zamanin Sarki Yowash, kuɗin da aka tara a akwati domin gyaran Haikali, masassaƙa da magina aka ba. Bulus Manzo ma da ya isa Koranti ya zauna wurin Akila da Biriskilla, suna ɗinkin tanti, suna ci daga ciki.

A nan akwai magana domin ikkilisiya. Sau da yawa mukan biya magini, mu sayi kwanon rufi da kuɗi hannu, amma in an zo ga allon majami'a ko tutar taron zumuntar mata, sai mu ce wa ɗan'uwa mai zane, yi mana don Allah. In shi da kansa ya yi niyyar ba da aikinsa baiko, madalla, ladansa yana wurin Ubangiji. Amma baikon da aka ƙwata da kunya ya tashi daga baiko. Attaura ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, Annabi Irmiya kuma ya yi kashedi mai zafi ga sarkin da ya gina benensa da guminsa maƙwabci ba tare da biya ba. Dattawan ikkilisiya su lura da wannan.

Zinariya ɗaya, aiki biyu

Yanzu mu zo ga abin da ba a sayarwa. Abin mamaki ne yadda aka jera labarin a Littafin Fitowa. A sura 31 an kira Bezalel, a sura 32 sai ga Haruna yana ƙera ɗan maraƙi. Jama'a ɗaya ce ta kawo zinariyar duka biyu, daga kunnuwa da wuyan mutane ɗaya aka ciro ta, kowane aiki kuma ya bukaci wuta da gwaninta. Bambancin yana wurin wanda hannu ya yi wa biyayya. Bezalel ya bi fasalin da aka nuna wa Musa a kan dutse, Haruna kuwa ya bi muryar taron da suka kewaye shi suna cewa ya yi musu abin da suke so.

Mai zane na yau da wuya a ce masa ya ƙera gunki. Ɗan maraƙinsa yakan zo da wata kama. Wani zai kawo takarda ya ce, sassaƙa mini hatimi irin na ofishi kaza. Wani zai so a gyara suna ko maki a takardar shaidar makaranta, gama kwamfuta ta sa wannan ya yi sauƙi. Wani zai so a kwaikwayi tambarin magani ko na abin sha domin ya manna a kan jabu. Da lokacin zaɓe ya zo, wani zai biya kuɗi mai kauri a haɗa hoton ƙarya don a ɓata sunan abokin takara. Irin waɗannan ayyuka su suka fi kawo kuɗi da sauri, sukan zo kuwa daidai lokacin da kuɗin haya ya matso.

Ku lura da amsar Haruna da Musa ya tuhume shi. Ya ɗora laifin a kan jama'a, sa'an nan ya yi magana kamar maraƙin ne ya fito daga wuta da kansa, alhali nassi ya riga ya faɗa cewa shi ne ya siffata shi da kayan aiki. Wannan ita ce hujjar da ake ji har yau: ni dai zane na yi, abin da suka yi da shi ruwansu. Amma uwar da ta sayi maganin jabu domin ɗanta mai zazzaɓi, tambarin ta gani ta amince. Ba ta ga mai haɗa garin ba, aikin mai zane ta gani. Ƙaryar da aka yi da burushi tana nan daidai da wadda aka yi da baki, har ta fi ta daɗewa.

Dimitiriyas maƙerin azurfa na Afisa ya nuna mana ƙarshen wannan hanya. Da ya tara abokan sana'arsa, da zancen arzikinsu ya fara, daga baya ya kawo zancen darajar allahiyarsu Artimas. Aljihunsa ne ya koya masa abin da zai gaskata, har birni ya yi wajen sa'a biyu yana ihu. Wanda ya saba sayar da gaskiya kaɗan kaɗan, wata rana zai tarar ba ya iya jin gaskiya in ta taɓa cinikinsa.

Kada dai a fahimci wannan a karkace, a ce Kirista sai aikin Kirista zai karɓa. Yawancin masu ciniki a Gamboru Musulmi ne, maƙwabtanmu ne kuma. Allon shagon Alhaji, da zanen hular ɗansa, da katin ɗaurin auren 'yarsa, duk aikin kirki ne, sai a yi shi da iyakar gwaninta. Da yawa daga cikinsu ba sa son hoton abu mai rai, to, sai a girmama wannan, a nuna gwaninta a rubutu da ado. A ƙasar Yarabawa, Lamidi Fakeye, wanda ya rasu a 2009, Musulmi ne, amma ya yi shekaru yana sassaƙa ƙofofi da kayan majami'u tare da Fada Kevin Carroll, wanda ya bi da wurin koyon sassaƙa da aka buɗe a Oye-Ekiti a 1947. In Musulmi ya yi wa majami'a aikin amana haka, me zai sa mai bi ya yi wa Musulmi ƙasa da wannan? Abin da za a tambaya game da kowane aiki shi ne, akwai ƙarya a cikinsa, ko zai cuci wani?

Littafin lissafi

Mutane da yawa sukan tsallake Fitowa 38:21-31 don suna ganin lambobi ne kawai. Amma a nan ne aka rubuta lissafin kayan alfarwa ta sujada a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Har an faɗi abin da aka yi da shekel 1,775 ɗin nan, watau maratayai da adon ginshiƙai. Mutanen da aka cika da Ruhu ba su ga ƙasƙanci ba ne a ba da lissafi. Kafin wannan ma, da jama'a suka kawo kaya fiye da bukata, ma'aikatan ne da kansu suka je suka gaya wa Musa, aka hana kawowa. Babu wanda ya san yawan da ake bukata sai su, da sun yi shiru da rarar ta zama tasu.

Saboda haka, ya kai mai buɗe shago, ka sayi littafi tun ran farko. Ka rubuta kuɗin katako, da fenti, da zare, da haya, da man janareto, da kwanakin aikinka, daga nan ka yanka farashi wanda za ka iya faɗa ba kunya. Ciniki da tayi al'adarmu ce, ba laifi a ce albarka, ba laifi kuma a sallama da rangwame. Laifin yana wurin mudu biyu, watau a dubi rigar mutum ko a ga baƙo ne bai san gari ba, a ninka masa. Littafin Misalai ya kira ma'aunin algus abin ƙyama. Algus ɗin mai zane shi ne ya karɓi kuɗin fenti mai kyau ya shafa mai araha da aka tsinka da kananzir, wanda ranar Maiduguri za ta cinye kafin damina. Algus ne kuma ya ɗauko zanen wani daga intanet ya sa sunansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana wannan, amma doka ta takwas ta riga ta.

Sai batun kafin alƙalami. Kuɗin nan ba naka ba ne tukuna, amana ce har ran da ka miƙa aiki. Kada ka ci kafin alƙalamin Audu ka sayi kayan aikin Bulus da shi, gama daga nan ne ake soma gudun masu ciniki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanen Gamboru sun san yadda dukiya take tafiya dare ɗaya. A Fabrairu 2023 gobara ta ci Kasuwar Litinin, a Maris na shekarar ta taɓa Kasuwar Gamboru. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma, bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya cika ya mamaye Gamboru da Gwange da unguwanni da yawa. To, a ce mai zane ya karɓi rabin kuɗi, ya sayi kaya, ya kusa gama aiki, ruwa ya kwashe. Wa zai ɗauki hasara? Fitowa 22 ta bambanta tsakanin abin ajiya da ya salwanta ta hanyar da ba mai iya tsarewa, da wanda aka sace daga hannun mai ajiya, ta kuma bukaci a kawo shaida. Mai littafi zai iya zuwa wurin mai aiki tun ba a neme shi ba, ya buɗe ya ce, ga abin da ka ba ni, ga abin da na saya, ga abin da ya rage, yaya za mu yi? Da irin wannan mutum ake sulhu. Wanda ba shi da littafi kuwa, ko gaskiya gare shi, ba shi da abin nunawa.

Sannu ba ta hana zuwa

Ubangiji ya yi misali da mai gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Gwaninta ba ta tsare mutum daga bashi. Rembrandt na ƙasar Holan yana cikin manyan masu zanen labaran Littafi Mai Tsarki a duniya, amma a 1639 ya sayi babban gida a Amsterdam a kan gilda 13,000, bai iya gama biya ba, a 1656 ya karye, aka yi gwanjon gidan da kayansa. A ƙasarmu kuwa, Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, ya zana Hanyar Gicciye a majami'ar Bulus Mai Tsarki ta Ebute Metta a Ikko da mutane cikin suturar Afirka, ya riƙe aikin koyarwa a Kwalejin St. Gregory daga 1963 zuwa 1980 yana gina sana'arsa a gefe. Ba abin kunya ba ne mutum ya fara a zauren gidansu, ko ya riƙe wani aiki kamar yadda Bulus ya riƙe ɗinkin tanti. Adashi ya fi bashin ruwa. In shago ya kafu, sai a yi rajistar sunansa a hukumar rajistar kamfanoni, a raba aljihun shago da na gida, a riƙa ba da rasit.

Yaran shago

Fitowa 35:34 ta ƙara wani abu, cewa an ba Bezalel da Oholiab zuciyar koya wa waɗansu. A nan ne umarnin bayarwa kyauta ya sami wurinsa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Onobrakpeya ma tun 1998 ya soma tara masu zane a Agbarha-Otor suna koya wa juna. Kowane gwani ɗan koyo ne dā. Birnin nan cike yake da marayu da yaran da rikici ya raba da garuruwansu. Wanda ya ɗauki yaro, kada ya mai da shi ɗan aike shekara biyar yana ɓoye masa sirrin haɗa launi don tsoron kada ya fi shi. Ya koya masa duka, ya ba shi abin sabulu a kan kari, ran da ya ƙware kuma ya sallame shi da albarka.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Aikin hannunka ka sa masa farashi na gaskiya, ka karɓa da godiya, gama hakkinka ne. Baiwar kuwa ka riƙe ta kamar ajiya, ka koya wa na baya. Amma hannun da ke riƙe da burushi yana da Maigida tun kafin mai ciniki ya shigo, in abin da aka kawo ya saɓa wa nufinsa, sai ka ce albarka, kome yawan kuɗin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin abin da Siman ya so ya saya da abin da mai sayen allo yake biya?
2. Waɗanne ayyuka ne a sana'arku suka yi kama da ɗan maraƙin Haruna? Yaya za a ƙi su ba tare da cin mutuncin mai kawowa ba?
3. Ikkilisiyarku tana biyan masu aikin hannu na cikinta kamar yadda take biyan na waje?
4. In ambaliya ko gobara ta ci aikin da aka ba da kafin alƙalami a kansa, yaya ya kamata mai bi ya yi?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka ba Bezalel hikima, ka tsare hannuwan bayinka daga ƙarya, ka ba su abincin yini ta hanyar aikinsu, ka sa a same su da aminci a ƙaramin abu da babba, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.